Gyaran agogon kyanwa a Agege: aiki ya yi kyau, sai dai jira

Ga duk mai agogon bango irin mai siffar kyanwa, wanda wutsiya ke lilo idanu na juyawa dama da hagu, ga abin da na gani wurin wani dattijo mai gyaran agogo a Agege, kusa da layin dogo.

Nawa lokacinsa daidai yake tafiya, wutsiyar ce ta tsaya cak, idanun suka ƙafe gefe guda. Wasu masu gyara da na fara nuna wa cewa suka yi a zubar da injin a sa sabo. Shi Baba da ya kwance bayan, sai ya ce, “Hajiya, injinki lafiya lau, kada ki yi asarar kuɗinki.” Ya nuna min cewa abin da ke tura hannuwan agogon daban, abin da ke kaɗa wutsiya daban. Wani ɗan maganaɗisu ne ke wucewa ta gaban naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, duk wucewa sai wutar batir ta ɗan ingiza shi, sanda guda kuma ta haɗa wutsiyar da idanun. Turin ba shi da ƙarfi ko kaɗan, shi ya sa 'yar ƙura ma tana iya tsayar da shi.

Matsalar biyu ce. Tsohon batir ya yi yoyo, wani farin gari ya cinye ƙarfen da yake taɓawa, ga danshin Legas ya ƙara masa tsatsa. Sannan man keken ɗinki da wani ya taɓa ɗiga wa maratayin idanun ya kama ƙura ya zama danƙo. Da hantsaki da ɗan auduga ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kankare tsatsar, ya liƙe wayar da ta tsinke da dalma. Wannan haƙurin nasa ya burge ni ƙwarai.

Inda ban ji daɗi ba shi ne alkawari. Ranar da ya ce in zo, ko taɓa agogon bai yi ba, kuma kowa ya san wahalar cunkoson hanyar Agege. Kuɗin aikin kuwa bai tsawwala ba.

Ya gargaɗe ni kada a ƙara sa mai, a riƙa cire batir in za a yi doguwar tafiya, a kuma rataye shi a miƙe, don in ya karkace wutsiyar za ta riƙa gogar jiki ta sake tsayawa. Zan koma wurinsa, amma sai na kira na tabbatar ya gama kafin in fito.