Mai hoton bikin ƙanwata: aikinsu ya yi kyau amma sai da muka sha ciwon kai

Toh jama'a, tunda aka gama bikin ƙanwata ake ta turo min saƙo wai wane mai hoto muka ɗauka kuma ya aikinsa yake, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Ba zan kama sunan situdiyon ba don akwai inda zan yi ƙorafi, a Kano suke dai, irin waɗanda hotunansu ke yawo a Instagram ɗin nan.

Kuma fa ba don Instagram ɗin muka ɗauke su ba. Ai babu mai hoton da shafinsa bai da kyau, zaɓaɓɓu yake ɗorawa. Yayarmu ce ta kafe ta ce sai an nuna mata hotunan biki ɗaya gaba ɗayansa daga kamu har kai amarya, wasu da muka fara zuwa wajensu sai kame-kame wai kwamfutar tana gida, waɗannan kuwa nan take suka buɗe mana. Hotunan dina muka fi zuba wa ido, saboda kun san yadda hol yake da daddare, fitilu shuɗi da ja ga hayaƙin nan da ake saki in amarya za ta shigo, wanda bai iya aiki ba sai ki ga fuskar amarya ta koma shuɗiya leshin da aka zuba wa kuɗi ya canja kala gaba ɗaya. Nasu kam kalar kaya tana nan yadda take, har ankon ƙawaye.

Abin da ya fi burge ni suna da mace mai ɗaukar hoto. Hajiyarmu tun farko ta ce ranar sa lalle da kamu ba namijin da zai shigo mata tsakar gida da kyamara, kuma tana da gaskiya, waje ne na mata ana cire mayafi ana rawa. Yarinyar da suka turo ga haƙuri, mai kwalliya ta ɓata mana lokaci sosai har rana ta kusa faɗuwa amma ko a fuska ba ta nuna ba, ta ja amarya gefen taga ta yi amfani da ɗan hasken da ya rage, kuma wallahi su ne hotunan da suka fi kyau a duk bikin. Ta kuma tambayi su waye iyaye da kakanni tun kafin a fara, shi ya sa ba a bar gwaggonnin da suka zo daga ƙauye a baya ba, kun dai san irin maganar da hakan ke jawowa a dangi.

Ɗaurin aure bayan sallar Juma'a aka yi, abu ne na 'yan mintoci ga cunkoso, yayyenmu maza sun ce mai hoton da suka turo ya riga kowa isa masallaci. Kyamararsa Sony ce mai cin memori biyu lokaci ɗaya, in ɗaya ya lalace ɗayan na nan. Ku riƙa tambayar wannan, biki ba a maimaita shi.

Yanzu inda suka ɓata min rai. Gyaran hoton ya yi yawa. Ƙanwata wankan tarwaɗa ce, aka maida ita fara sol aka siranta mata hanci, fata ta yi sumul kamar 'yar tsana, kakarmu ta daɗe tana kallo sannan ta ce wai wannan matar waye. Sai da muka maida musu, na biyun ya yi daidai, amma kenan sun iya tun farko kawai sun ɗauka kowa farin yake so.

Sannan jinkiri. Sati biyu suka ce mana, muka shafe watanni ana gobe jibi, ka kira a ce oga ya tafi aiki Abuja, ka sake kira waya a kashe. Da suka tashi turowa ma ta WhatsApp suka jero su, shi kuma WhatsApp matse hoto yake yi, in aka je wanke babba don firem sai ya fito dishi-dishi. Sai da yayarmu ta je da kanta aka zuba mata a filash. Abin da ya taimake mu rabin kuɗi kawai aka ba su kafin biki, da an biya duka Allah kaɗai ya san ranar da za mu gani.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne bidiyon dina. Mu masu biki ba mu gani ba sai ga shi a shafinsu an sa masa kiɗa, ga fuskokin matan aure ga wajen liƙi ƙuru-ƙuru. Bayan maganar mutunci ma, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana liƙi da naira, kuma kowa ya ga yadda EFCC ta riƙa gurfanar da mutane a 2024 saboda irin waɗannan bidiyoyin. An kira masu hoton sun sauke sun ba da haƙuri, amma kafin nan wasu shafukan bukukuwa sun riga sun kwashe. A wajensu talla ce, in ba ki hana ba tun farko ɗauka suke kin yarda.

Diron ɗin da aka ƙara wa kuɗi kuwa, wato ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, asara ce kawai, a cikin hol ba inda zai tashi, saman rufin gida da motoci ya ɗauko mana.

In an tambaye ni ko zan sake ɗaukarsu, eh zan iya, musamman saboda yarinyar nan, amma sai an rubuta a takarda an sa hannu: ranar da za a kawo aiki, ba a taɓa kalar fata, kuma ba a ɗora komai a intanet sai amarya da ango sun ce a ɗora. Albam ɗin ya iso daga baya, takardarsa mai kauri ce kuma ɗinkin ya yi kyau, firem ɗin ne dai ya ɗan yi ƙarami kan yadda suka nuna mana a shago.