Yaya, ga amsar tambayarka kan kullen korona a Ingila

Salam Yaya, ya gida, ya jikin Hajiya. Na ji saƙon muryarka tun shekaranjiya, aikin dare nake yi satin nan shi ya sa ban amsa ba. Ka ce gardama ta kaure a majalisarku ta bakin shagon tela, wai Turawa ba su yarda an kulle su lokacin korona ba saboda su 'yan 'yanci ne, mu kaɗai aka raina. Toh ka gaya musu ganau ne ke magana, wallahi an kulle mu tam. Daren 23 ga Maris 2020 Boris Johnson, firaministan lokacin, ya fito a talabijin ya ce kowa ya zauna gida, kwana uku tsakani ku ma a Kaduna gwamna Malam Nasiru ya sa muku dokar awa 24. Mu nan birnin Lesta namu ma ya fi na kowa, ƙarshen Yuni ana sassauta wa sauran ƙasar aka ce mu ci gaba da zama saboda cutar ta yi yawa a garin.

Abin da ya fara ƙarewa a kanti zai ba ka dariya, takardar shiga bayi. Manyan mutane da kwat suna wawason ta kamar ana rabon zakka, ni kuwa da butata ko a jikina. Taliya da fulawa ma sun ɓace har Tesco ta ce kowane kaya uku kawai mutum zai ɗauka, ga layi a waje kowa da tazarar mita biyu cikin sanyi. Amma kantin abinci bai taɓa rufewa ba ko na yini ɗaya, ba irin naku da aka garƙame kasuwar Gumi aka ce sai Talata da Laraba za a fita cefane ba. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwa na zuwa, intanet na nan, kaga zaman gidan ma ba iri ɗaya ba ne.

Babban bambancin dai kuɗi ne. Rishi Sunak yana ministan kuɗi lokacin, gwamnati ta ɗauki biyan kashi 80 na albashin duk wanda aka rufe wajen aikinsa, har fam 2,500 a wata. Maƙwabcina ɗan Bangaladash mai aiki a gidan abinci watanni ya yi a falo yana ƙiba, alat na shigowa. Ni ban ci wannan gajiyar ba tunda gidan kula da tsofaffi ba a rufe shi, kullum ina hanya. Ku kuwa mai shayi da ɗan keke da ɗan dako a kasuwar Barci sai ya fita zai ci, manyan ma'aikata ma kwatan albashinsu aka ɗiba don yaƙi da cutar, kai ka fi ni sani.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne 'yan ra'ayin talakawa na nan. Mu mun taso mun san mutanen Malam Aminu da Balarabe Musa, Allah ya jiƙansu, da faɗa da hukuma in ta matsa wa talaka, su ne suka soke haraji da jangali da suka hau a 1979. Sai na ɗauka 'yan Leba, jam'iyyar ma'aikata da ke adawa lokacin, su ne za su fito suna ihun a buɗe gari. Ina! Shugabansu Keir Starmer kullum ƙorafinsa an makara, ba a kulle da wuri ba, a Oktoban 2020 ma shi ya nemi a sake rufe ƙasar na sati biyu ko uku. Masu kukan 'yanci a jam'iyyar Boris suke, ta masu hannu da shuni. Disamban 2021 kusan 'yan majalisarsa 100 suka juya masa baya kan katin shaidar rigakafi, da ƙuri'un Leba dokar ta wuce.

Akwai wata dattijuwa Baturiya da muke aiki tare, ita ce wakiliyar ƙungiyar ƙwadago a wajenmu, irin masu yawo da baji a jikin jaka. Wata rana ƙarfe uku na dare muna shan shayi, takunkumi a haɓa, na tambaye ta ya aka yi ku masu zagin gwamnati kuka koma roƙon ta ta kulle ku. Ta ce in duba masu cewa a buɗe, a gida suke aiki da kwamfuta, direban bas da irinmu ne za su shaƙi cutar. Sai na ba ta labarin Rigasa, na ce a garinmu kullen ne ke aika direban ya kwana da yunwa shi da iyalinsa. Ta daɗe tana juya cokali a kofi, can ta ce ai kulle ba biya ba shi take nema ba, wannan horo ne. Na ce to shi aka yi mana.

Ita ɗin dai ce kuma ta tada ƙura a Nuwamban 2021 da aka ce duk ma'aikacin gidan tsofaffi da bai yi allura biyu ba ya ajiye aiki. Ta yi nata tun tuni, ni ma haka, kyauta, saƙon waya kawai aka turo min na je. Amma ta ce a lallashi mutum daban, a ɗora masa wuƙar kora a wuya daban. Jeremy Corbyn tsohon shugaban Leba shi ma ƙin goyon bayan tilascin ya yi a majalisa. Mun rasa abokan aiki, aiki ya yi mana yawa, sai gashi Maris 2022 an janye dokar. A fahimtata su ba ƙarfin hukuma ke damunsu ba sai in a kan ma'aikaci ya sauka.

Inda na ji haushinsu kuwa Babbar Sallar 2020 ce. Daren jajibere, an gama sayen nama an gayyaci mutane, aka sanar a Twitter cewa an hana ziyarar gida gida a Mancesta da Biradfod da nan Lesta, kwanaki kaɗan bayan nan aka bar mashayun Lesta suka buɗe. Starmer ya soki yadda aka sanar cikin dare, dokar kanta bai ce a janye ba. Ni kaɗai na ci tuwon Sallah a ɗaki ina kallonku ta bidiyo.

Maganar maganin Hajiya kuma, nan ba kamar kyamis ɗin Tudun Wada ba ne da za ka faɗi ciwo a ƙirgo maka ƙwaya a leda. Irin nata sai da takardar likita, likitan kuma tun korona sai ka buga waya ƙarfe takwas na safe ka shiga layi, wataƙila ma ta waya zai duba ka. Gara na turo kuɗin ku saya a nan. In an samu mai zuwa a haɗo min kuka da daddawa da yaji, banda kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. A gaida 'yan majalisa.