Shagon mai faci a Suame Magazine: tublas (taya marar tub) a kan tsohon rim

Wannan shagon na Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, ya san rim ɗin tsofaffin motoci. Kafin a sa bawul, wato bakin da ake hura wa taya iska, sai sun auna raminsa a jikin rim: mai milimita 11.5 bawul mai lamba TR413 ne nasa, mai milimita 16 kuwa TR415. In aka cusa ƙarami a babban rami, iska za ta riƙa zurarewa. Suna kankare tsatsar bakin rim, su shafa fenti, su jawo bawul ɗin da ruwan sabulu, ba da man juye ba, don mai yana cin roba.

Abin da ya fi burge ni: rim mai wayoyi irin na keke, ko wanda ba shi da tudun da ke riƙe bakin taya, ba sa yarda su sa masa tublas. Tub suke sawa. Aikinsu da jinkiri, amma ina ba da shawarar a je.