Shagon da nake sayen allura da zare a babbar kasuwar Maraɗi

Abokan sana'a sun sha tambayata inda nake samun allurar da ke ɗinka hijabin roba ba tare da keke ya yi ta tsallake ɗinki ba. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani game da shagon baki ɗaya, da mai daɗin da marar daɗin. Ni tela ce, a gida nake aiki a unguwar Zariya, da kekuna biyu: Butterfly mai ƙafa da na gada wurin yayata, da Juki na wuta. In an ɗauke wuta sai in koma kan mai ƙafar, don haka dole kullum in ajiye allura iri biyu.

Shagon yana cikin babbar kasuwa, a layin masu kayan ɗinki, tsakanin mai sayar da maɓallai da wani mai gyaran keke. Ɗan ƙarami ne, in mutum uku suka tsaya a ƙofa sun toshe shi. Mai shi dattijo ne, kowa Alhaji yake ce masa, kuma ya daɗe yana ɗinki kafin ganinsa ya ragu ya koma saye da sayarwa. Wannan tsohuwar sana'ar tasa ita ce ta sa nake wuce wasu shaguna in zo wurinsa. Ba ya miƙo allura sai ya yi tambaya: "Hajiya, wane keke ne? Kuma mi za a ɗinka?" In yaro aka aiko bai san amsa ba, sai ya ce, "Koma ka tambayo uwar ɗakinka, ko ka zo mini da tsohuwar allurar."

Tambayar keken tana da dalili. Allurar keken gida irin mai ƙafata, wadda ake rubuta HAx1 ko 130/705H a takardarta, gindinta a daddale yake ta gefe ɗaya. Ta keken wuta irin nawa kuwa DBx1 ce, gindinta zagayayye ne ko'ina, kuma ke da kanki za ki juya ta har dogon kwarin da ke jikinta ya fuskanci hagu kafin ki ɗaure. Ba a musanya su. Alhaji ya ware su a akwatuna daban, ya rubuta a jiki da alli. Lambar da ke kan takarda ma shi ya fara warware mini ita: in an rubuta 90/14, to 90 ɗin kaurin allurar ne, wato kashi 90 cikin 100 na milimita ɗaya, 14 ɗin kuma tsohon lissafin kamfanin keken Singer ne wanda mu teloli muka saba faɗa. Duk yadda lamba ta hau, allura ta ƙara kauri.

Yawancinmu a garin nan lamba 14 muke sakawa mu ɗinka komai da ita har ta karye. A kan atamfa ba laifi, 14 ta isa, musamman sabuwa da ba ta ga ruwa ba. Amma ki ɗora gyalen shifon ƙarƙashinta ki gani, ɗinkin zai tattare, zaren yadin ya riƙa zuƙewa. Wannan aikin na lamba 9 ne ko 10, in ya yi yawa 11. Wandon jins, kaki mai kauri da labule kuwa 16 suke so, wurin da ninki ya taru a ƙugu har 18. Alhaji yana da duk waɗannan lambobin a kusan kowane lokaci, abin da ba kowane shago ke da shi ba, domin masu saye 14 da 16 kawai suke nema.

Shadda ce ta fi sa ni ganin darajar nasiharsa. Shadda mai tsada irin Getzner saƙarta a matse take, fuskarta na sheƙi, kuma duk inda allura ta huda ta huda ke nan. In kika warware ɗinki, layin ramukan zai tsaya yana kallonki, guga ba ta ɓatar da shi gaba ɗaya. Shi ya sa ya ce mini kada in taɓa hawa shaddar mutane da allurar da ta kwana tana aiki. A sa sabuwa fil, mai tsini, lamba 12, sai wurin wuya da aljihu da ke da ninki a koma 14. Allurar da ta dakushe ba huda yadi take ba, naushinsa take, kuma kunne na jin ta: keken zai riƙa wani ɗan buƙ-buƙ da ba ya yi a da. Kamfanonin allura suna ba da shawarar a sauya bayan kamar awa 8 na ɗinki. Na san ba kowa zai iya haka ba a halin da ake ciki, amma kuɗin allura ɗaya ina, kuɗin yadi biyar na shaddar ango ina?

Sai batun hijabin roba da rigunan jesi, wanda shi ne ya fi damun mata masu ɗinki a gida. Irin wannan yadin ba saƙar tsaye da kwance ba ce, madaukai ne suka sarƙe da juna. Allura mai kaifi tana yanka madaukin, bayan wanki ɗaya ko biyu sai ƙananan huji su bayyana a bakin ɗinki, ga kuma tsallake. Maganinsa allura mai ɗan dunƙulallen baki, wadda ke ratsawa tsakanin zaren yadin ba ta yanke shi ba. A ta keken wuta za ki ga an ƙara haruffan SES bayan lambar. Ranar da Alhaji ya fara ba ni ita, ya ɗauko gilashin ƙara girma daga aljihu, ya jera ta da ta kullum a kan tafin hannunsa ya ce, "Ɗiyata, duba bakinsu." Da ido kawai ba za ki bambance ba, amma ta gilashin ɗaya kamar ƙaya take, ɗayar kuma bakinta a shafe. Lamba 11 nake sawa ga hijabi marar nauyi, 14 ga mai kauri, kuma tun daga lokacin ba a dawo mini da hijabi saboda huji ba.

Game da inganci, yana da aji biyu kuma ba ya ɓoyewa. Akwai Organ ta Japan, wani lokaci da Groz-Beckert ta Jamus, goma-goma a takarda, sannan akwai 'yar Sin mai araha. Ya kan faɗa miki kai tsaye cewa mai arahar tana lanƙwashewa da wuri, kuma a cikin takarda ɗaya ana iya samun wadda kafarta ke da kaushi tana cin zare. Jabun manyan sunaye ma suna yawo a kasuwanni, amma abin da na saya a hannunsa da sunan mai kyau bai taɓa ba ni kunya ba. Tsadar mai kyan ta ninka ta mai arahar, ni dai ita nake saye don shadda da leshi, mai arahar kuma in bar wa yaran da nake koya wa ɗinki.

Zare kuwa, wanda ya fi yawa a shagon shi ne na foliyesta mai lamba 40/2, kuma shi ne na yau da kullum: atamfa, shadda, yadin maza, duk yana ɗauka da allura 12 ko 14. Lissafin zare akasin na allura ne, ƙaramar lamba ita ce mai kauri, don haka 20/2 na jins ne da jakunkuna, kuma sai da allura 16 ko 18, in ba haka ba zai riƙa tsefewa a kafa yana tsinkewa. Ya nuna mini gwaji mai sauƙi: ki zura zaren a allurar da ba ta kan keke, ki riƙe bakin biyu ki karkata. In ta sulale da kanta sun dace, in ta maƙale allurar ta yi ƙanƙanta. Yana da zaren surfani mai sheƙi, amma yana gargaɗin kada a haɗa jikin riga da shi don ba shi da ƙarfi. Kuma zaren sama da na ƙasa su zama iri ɗaya.

A nan zaren ne nake da ƙorafi. Manyan kwarkwaron da ya jera a bakin ƙofa rana na dukansu, ƙurar hunturu na sauka a kansu, ga zafin watan Afrilu da Mayu. Na taɓa ɗaukar ja daga nan na tarar gefe ɗaya ya koɗe. Yanzu cewa nake a ɗauko mini na ciki mai leda, kuma yana ɗaukowa ba musu, amma wadda ba ta sani ba na ƙofa za a ba ta. Launukansa ma ba su da yawa. Fari, baƙi, shuɗi da ruwan ƙasa ba sa yankewa, amma in kina neman ruwan hoda ko wani kore na leshin amarya, sau da yawa sai kin ƙara gaba. Allurar hijabin roba ta keken gida ita ma tana yankewa, wani lokaci sai an jira kaya sun iso daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Kuma in an buɗe takarda ba ya karɓar mayarwa.

In za ki je, ki yanki ƙyallen yadin ki tafi da shi, ki haɗa da tsohuwar allurar kekenki a cikin takarda. Launin zare a wajen shago za ki duba shi, cikin hasken rana, ki warware sili ɗaya ki ɗora a kan ƙyallen, kuma in babu daidai ki ɗauki wanda ya ɗan fi duhu. Da safe ya fi samun sukunin yi miki bayani. Kayan Sallah kuwa ki saye su tun kafin azumi ya kama, domin daga goman tsakiya layin ba ya shiguwa, kuma lamba 11 da 12 su ne ke fara ƙarewa.