Sharhina kan zaman kine da na yi a Garwa saboda ciwon gwiwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mata da yawa suna tsayar da ni a kasuwa da wajen biki suna tambaya wai me na sha gwiwata ta sake ni, to ban sha wani sabon abu ba, kine na je, gashin ƙashi na asibiti, kuma gara in faɗa tun yanzu gwiwar ba ta warke ba, kar wata ta kwashi kuɗinta ta tafi da tunanin za a dawo mata da ƙafar 'yanmatanci. Amma ya yi min amfani sosai, kuma abin da ya yi amfanin ba shi ne abin da yawancinmu muke zuwa nema ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ni dai atamfa da turaren wuta nake sayarwa, na haura hamsin, kuma shekara da shekaru gwiwar dama tana damuna, kowa sai ya ce sanyi ne. Da asuba lokacin hunturu sai na dafa bango kafin in miƙe, in na jima a zaune a rumfa tashi ya zama aiki, tana ƙara ƙaras ƙaras har mai sayayya ya ji. Da dokta ya sa aka yi min radiyo, wato hoton ƙashi, ya ɗaga hoton ta wajen taga ya nuna min tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, ta gefen ciki filin ya matse, ya ce guringuntsin da ke hana ƙashi gogar ƙashi ne ya cinye, su suna cewa artroz. Ya tambaye ni in na tashi da safe minti nawa ƙafar take yi a sandare, na ce kafin in gama alwala da salla ta fara saki, ya ce to haka wannan yake, ba ya kai rabin awa. Wai in sandarewar tana wuce awa guda kuma yatsun hannu biyu suna kumbura tare, wannan wani amosanin ne daban, gwajin jini ake yi kuma maganinsa daban, haka wanda babban yatsan ƙafa ke kumbura masa cikin dare ya yi zafi ba ya son ko zani ya taɓa shi, shi ma daban ne. Don Allah a fara zuwa a san wanne ne, ba duka ne sanyi ba. 'Yata ta karanto min cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 mutum miliyan 528 ke da irin nawa, miliyan 365 a gwiwa, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari mata ne, ni kam ban yi mamaki ba, a bencin jira mu mata mun fi yawa nesa ba kusa ba.

Doktan ne ya rubuta min ordonans, wato takardar likita, ta zuwa kine. Wurin ba zan faɗi sunansa ba tunda akwai ƙorafin da zan yi.

Abin da suke fara yi maka shi ne na jin daɗi. Za a kwantar da kai a haska wata jar fitila mai ɗumi a kan gwiwar, sannan a manna wasu 'yan faci masu waya a kunna na'ura, sai ka ji kamar tururuwa na yawo a cikin naman, daga nan a shafa mai a murza. Wallahi da daɗi, kana tashi ƙafar sakayau. Amma gaskiya kafin la'asar ciwon ya dawo inda yake, kuma na lura mata da yawa wannan kaɗai suke so, in an zo wajen motsa ƙafa sai su ce ai sun gaji, ko yau ba su da lokaci.

Yaron da ya riƙa duba ni, ba zai wuce sa'an ɗana na biyu ba, shi ya canza min tunani da abin awo irin na tela. Ya auna cinyata ta dama ya auna ta hagu a wuri ɗaya sama da gwiwa, ya nuna min lambar, ta dama ta fi sirancewa, ni ban taɓa lura ba tunda kullum cikin zani take. Ya ce Hajja kin gani, saboda tana ciwo kina tausaya mata kina jingina kan ɗayar, naman cinyar ya zube, kuma shi ne yake riƙe gwiwa yana ɗauke mata nauyi, in ya yi rauni duk nauyin kan ƙashin yake sauka, ciwo ya ƙaru, ki ƙara zama, naman ya ƙara zubewa. Na ce to ɗana ai ni an ce min in huta ne kar in ƙarasa cinye ta. Ya ce hutun kwana ɗaya biyu in ta kumbura ta yi zafi babu laifi, amma zaman dindindin shi ke kashe ƙafa.

Motsin kansu ba wasu abin kallo ba ne. A naɗe tawul a sa ƙarƙashin gwiwa kana zaune ƙafa a miƙe, ka danna shi ƙasa da ƙarfi har ka ga naman cinya ya ɗaure, ka ƙirga goma ka saki. A kwance ka ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi biyu daga katifa, ka riƙe, ka sauke a hankali ba ka yar da ita ba. Tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, wannan shi ya fi ba ni wuya, ranar farko cinyar rawa take yi ina gumi. Daga baya ya ɗaura min 'yar jakar yashi a idon sawu, sai kuma keken da ba ya tafiya. A gida yashi na sa aka ɗebo min daga bakin Binuwai na ɗura a tsohuwar safa na ƙulle, aikin ɗaya ne. Dokar da ya ba ni ita ce in ciwon ya ɗan ƙaru lokacin motsi amma ya lafa kafin washegari to a ci gaba, in kuwa ta kwana ta kumbura a rage, ba a daina ba. Sai da aka yi makonni kafin in ga bambanci, ba abin kwana uku ba ne, kuma duk lokacin da na yi sakaci saboda hidimar biki ko tafiya ƙafar tana gaya min.

Sai kuma ƙananan abubuwa na cikin gida waɗanda ba wanda ya taɓa zama ya yi min bayaninsu. Masai na tsuguno shi ne babban azabata, har ruwa nake rage sha don kar in shiga, yaron ya ce a samu kafinta ya yi kujera mai rami a tsakiya a ɗora a kai, an yi min ta katako mai ƙarfi da wurin dafawa, ina wanke ta da ruwan javel mai kashe ƙwayoyin cuta, wannan kujera kaɗai ta rage min rabin wahalar yini. Girki na daina yi a kujera 'yar tsuguno, an ɗaga min murhun a kan bulo. Sanda kuma ashe a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙewa, gwiwar dama sanda a hagu. Matakala in za ka hau lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ka sauka mai ciwon ce gaba.

Salla ita ta fi tsaya min a rai. Na daɗe ina sujada da hawaye ina jin kunyar ɗaukar kujera a gaban mutane, sai malamarmu ta islamiyya ta kawo min hadisin Imrana bn Husaini da Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Yanzu ina kabbara a tsaye in yi ruku'u, sujada da zaman tahiya ne nake yi a kujera ranar da ƙafar ta ƙi, kuma hankalina yana kan sallar ba kan gwiwa ba.

Maganar nauyi ma yaron bai ɓoye min ba, cikin ladabi dai ya faɗa, wai duk kilo ɗaya da mutum ya rage kusan kilo huɗu ne yake sauke wa gwiwa a kowane taku. Na rage sukarin shayi da na folere, wato zoɓo, da makalar safe, irin fanken nan, ba na cewa abu ne mai sauƙi ga mai zaman kasuwa da komai ke wucewa ta gabanta a tire.

Kan magani, parasitamol nake sha ranar da ya matsa, dokta ya ce babba kar ya wuce giram 4 a yini ko da me, sai diklofenak na shafawa. Na haɗiya irin su diklofenak da ibuprofen ya hana ni sha kullum saboda ina da hawan jini, kuma suna cin ciki suna taɓa ƙoda. A nan zan roƙi 'yan uwa mata ku yi hattara da ƙullin ƙwayoyin da masu yawo da magani ke haɗawa. Wata maƙwabciyata a kasuwa ta daɗe tana sha, ciwon ya ɗauke cak, fuskarta ta cika ta yi zagaye har ana yi mata barka wai hutu ya karɓe ta, ashe akwai deksametazon a ciki, irin maganin da in an daɗe ana sha yake kumbura fuska ya tayar da sukari ya kuma raunana ƙashin da ake son gyarawa. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali. Tramol kuwa kowa a garin nan ya ga abin da ya yi wa yaranmu 'yan moto, masu acaɓa. Man kaɗanya da ruwan ɗumi ina amfani da su, yaron ya ce babu laifi, tsaga a kan gwiwa ce ya ce kar in yarda saboda ƙwayar cuta na iya shiga gaɓar.

To ƙorafina. Na farko layi, ana ba ka randebu, wato ranar da lokacin da za ka zo, amma ka zo ka tarar da mutum goma a gabanka, masu shanyewar ɓarin jiki da masu karaya duk wuri ɗaya, ma'aikatan kuma ba su da yawa. Na biyu sutura, labule ɗaya ne tsakanin gadaje kuma ba ya rufewa duka, mace ma'aikaciya ba kullum take nan ba, ni dogon wando mai faɗi nake sawa ƙarƙashin zani wanda zai naɗu zuwa cinya, amma na san matan da suka daina zuwa saboda wannan kawai kuma ban ga laifinsu ba. Na uku akwai wata ma'aikaciya da in ta kunna maka fitila sai ta tafi ta bar ka, wata rana har fatar ta yi ja sai da na ɗaga murya. Sannan bayani yawanci da Faransanci ne ko Fulatanci, tsohuwar da Hausa kaɗai take ji in ba ta zo da wani ba haka za a yi mata a sallame ta ba ta san me aka ce ta yi a gida ba, alhali na gidan shi ne maganin. Kuɗi kuma kowane zama ake biya, ga kuɗin moto zuwa da dawowa, hawan moton ma kansa wahala ne ga mai gwiwa, sai an samu mai haƙuri ya matso bakin dakali.

Duk da haka ina ba da shawarar a je. Yanzu ina zuwa masallacin unguwa da ƙafata, ina tashi daga kujera ba na kiran kowa, dare kuma ina barci sai dai ranar da na wuni a tsaye. In kuɗinki ba su da yawa kar ki ƙarar da su kan fitila da na'ura, ki ce a koya miki motsin sosai, ki sa 'yarki ko jikarki ta ɗauka a waya lokacin da ake nuna miki, ki riƙa yi a gida safe da yamma, sai ki koma lokaci lokaci a duba ko kina yi daidai a ƙara miki nauyi. Ki tafi da hoton radiyonki da littafin asibitinki da duk magungunan da kike sha a leda su gani, kuma a watan Maris da Afrilu ki nemi randebun sassafe, don zafin Garwa in ya haura digiri 40 ba a jiran layi a cikinsa.