Ladyhawke ko Tristan & Isolde? Ƙanwata, ɗauki na shahon

Ƙanwata, na ga tambayarki tun da safe, wai tsakanin Ladyhawke da Tristan & Isolde wanne za ki sa a tura miki ku kalla da maigida. Dukansu biyu na saya da kuɗina, ba labari aka ba ni ba. Ɗauki Ladyhawke.

Yayana ne ya fara shigo da shi gidanmu a Tudun Wadar Gusau, zamanin kaset ɗin bidiyo. Da na yi aure na nemi faifansa na saya, yana nan cikin durowata har yau duk da bayansa ya sha karce. Fim ne na 1985, Richard Donner ya ba da umarni, tsawonsa awa biyu. Tsoho ne, amma labarinsa irin wanda kakanninmu ke ba mu ne a tsakar gida bayan isha'i. Wani babban limamin coci da ke mulkin garin Aquila ya ƙyalla ido a kan wata yarinya, Isabeau, ita kuwa zuciyarta na wurin Navarre, shugaban dakarun garin. Da ya ga ba zai samu ba sai ya haɗa baki da shaiɗan ya yi musu farraƙu. Da rana ita ta rikiɗe ta zama shaho, da dare shi ya zama kyarkeci. Kullum suna tare, tana bisa hannunsa yana tafe kan baƙin ingarma, amma ba sa taɓa haɗuwa suna mutane. Duk wadda ta taɓa jin an ce an shiga tsakanin wance da mijinta ba ta bukatar a yi mata bayanin wanga labari.

Akwai wuri guda da har gobe ba na iya kallonsa ido bushe. Gari na shirin wayewa, suna kwance kusa da juna cikin ƙanƙara. Hasken rana ya fara taɓa su, shi yana dawowa mutum, ita ba ta riga ta zama tsuntsuwa ba. Na ɗan ƙiftawar ido suka ga juna, ta miƙa hannu, yatsunsu saura ƙiris, sai fukafukai suka fito ta tashi sama. Ihun da Rutger Hauer, wanda ya fito a matsayin Navarre, ya yi a wurin, ranar da muka fara gani, innarmu da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa ajiye tiren ta yi ta ce, "Allah ya isa tsakaninsu da mutumin nan." Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Michelle Pfeiffer ce Isabeau, kuma ba ta cika magana ba, idanunta ne ke aikin.

Wani abin da ya ƙara ɗaure ni da shi, asirin ba ya karyewa sai ranar da dare da rana suka haɗu, wato husufin rana. Mu 'yan Gusau ba a ba mu labarin wannan. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta rufe ruf a kanmu. Na tuna kaji na komawa akurki, iska ta yi sanyi, maza suka nufi masallaci. Tun daga ranar, in fim ɗin ya kai inda haske ke dusashewa ta tagar cocin, sai tsigar jikina ta tashi. Ba zan faɗa miki yadda aka ƙare ba.

Kada in ɓoye miki inda masu kallo ke rabuwa. Kiɗan ne. Andrew Powell ya yi shi da kayan kiɗan lantarki na shekarun 1980, alhali ana nuna mutanen takobi da sulke. Maigidana ya ce kamar a ɗora wa dokin hawan sallah rediyon mota ne, har yau bai sauka daga wannan ra'ayi ba. Ni kuwa kunnena ya saba, in na ji shi ma daɗi nake ji. Sai ɓarawon yaron nan da ake wa laƙabi da Ɓera, wanda Matthew Broderick ya fito a matsayinsa. Shi ne ɗan aike tsakanin masoyan, yana kai wa wannan saƙo da rana, ya kai wa waccan da dare, har da ƙarin gishirinsa don ya kwantar musu da hankali. Yara na sonsa ƙwarai. Sai dai yana yawan magana da Ubangiji cikin sigar raha, abin da bai dace da tarbiyyarmu ba, kuma ni nakan tsaya in yi wa nawa yaran bayani a wurin. Rikiɗar ma ba ta kwamfuta ba ce irin ta finafinan yanzu, dabarar haske da kyamara ce kawai. Amma ganuwa da fadojin da za ki gani na gaske ne, a Italiya aka ɗauke su, ciki har da kangon Rocca Calascio da ke bisa tsauni.

Shi kuwa Tristan & Isolde na 2006, to, hotonsa ya fito fes, Rufus Sewell kuma ya yi ƙoƙari a matsayin Marke, wanda ya riƙe Tristan kuma ya auri Isolde. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Mutum ya tsince ka kana yaro maraya, ya rasa hannunsa guda wurin ceton ranka, ya riƙe ka kamar ɗan cikinsa, sannan ka koma kana haɗuwa da amaryarsa a ɓoye. An so in tausaya wa masoyan, ni kuwa mijin na tausaya wa daga farko har ƙarshe. Ga shi kin ce mai abin al'ajabi kike so, wannan ko maganin soyayyar da ke cikin tsohon labarin na asali an cire shi, yaƙi ne kawai tsakanin mutanen Ailan da na Birtaniya, da cin amana. Akwai kuma wuraren da dole ki riƙe rimot a hannu in da yaro ko suruka a ɗakin. Sau ɗaya na kalla, na yi da-na-sanin kuɗina.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu tura finafinai a waya. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah. Ni dai an taɓa yi mini: na ba da memori, na biya, na dawo gida na tarar an sa wa wani fim daban sunan wanda na nema, hoton doki da takobi ne kawai suka yi kama. Wata rana kuma rabin fim aka ba ni, ya yanke ana tsakiyar faɗa. Saboda haka kada ki bar shagon sai an kunna a gabanki. Duba tsawon, in bai kusa awa biyu ba an gutsure shi. Ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe ki ji ko murya na tafiya daidai da baki. A farkon na gaskiyar za ki ga yaro yana kutsawa ta magudanar ruwa yana gudu daga kurkuku. Nawa da Turanci yake, don haka in wani ya ce miki yana da fassarar Hausa, ya kunna ki ji da kunnenki kafin ki ƙara ko sisi. Kuma kada ki miƙa wayarki da hotunanki a ciki ki tafi cefane, memori daban za ki kai.

Ku bari sai dare, in yara sun yi barci an kashe fitila. In kun gama ki dawo ki gaya mana ɓangaren da maigidanki ya ɗauka a kan kiɗan.