Zaɓen Wurin Hutun Iyali a Ƙasa Mai Ɗumi: A Fara Duba Wata Kafin a Duba Otal

Hoton farin yashi da shuɗin ruwa da kamfanonin tafiye-tafiye ke nunawa an ɗauke shi ne a wata mafi kyau na shekara, kuma da wuya a rubuta watan a ƙarƙashinsa. Shi ya sa mai niyyar kai iyalinsa hutu ya kamata ya fara da tambayoyi biyu: a wane wata yara za su samu hutun makaranta, kuma shekarun ƙaramin cikinsu nawa? Amsar waɗannan biyun kaɗai takan zubar da wurare da dama daga cikin waɗanda ke ran mutum, tun kafin a zo maganar kuɗi.

Zafi ma iri-iri ne. Akwai busasshen zafi irin na gaɓar Bahar Maliya a Masar, inda inuwa da iska ke sauƙaƙa shi. Akwai kuma zafi mai ɗanshi, wanda gumi ba ya bushewa a jiki. Digiri 32 a wuri mai ɗanshi ya fi galabaitar da yaro fiye da 35 a busasshen wuri, domin bushewar gumi ce ke sanyaya jiki. Ƙananan yara kuwa ba sa cewa suna jin ƙishirwa sai abu ya yi nisa.

Dubai ce misali mafi bayyana na wurin da wata ke yanke masa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Maris rana takan tsaya tsakanin digiri 24 da 30, ruwan sama kaɗan ne, ana iya wuni a waje. A Yuli da Agusta zafi yakan haura 40 ga ɗanshi, ruwan tekun kansa ya wuce digiri 30, har ya daina wartsakar da mai wanka. Otal-otal kan sauke farashi a lokacin, kuma arhar gaske ce, amma hutun zai koma na cikin gini: manyan kantuna, ɗakin kifaye na Dubai Mall, hawa Burj Khalifa mai tsawon mita 828. Iyalin da ke da matasa masu son irin wannan ba za su yi asara ba. Mai yara 'yan shekara uku ko huɗu da ke buƙatar guje-guje a fili gara ya jira hunturu. Inda Dubai ta yi wa sauran fintinkau shi ne sauƙin rayuwa da jariri: asibitoci kusa, hanyoyin da keken jariri ke bi lafiya, jirage kai tsaye daga ƙasashe masu yawa, kuma babu zazzaɓin cizon sauro. Sai dai kusan kowane wurin nishaɗi da tikitinsa, kuma idan aka ninka shi da yawan kawuna lissafi yakan tashi fiye da yadda aka zata.

Zanzibar, tsibirin ƙasar Tanzaniya, kusan akasin haka take. Yuni zuwa Oktoba ne lokacinta mafi daɗi, babu ruwa sosai, zafi bai tsananta ba. Babbar damina, wadda mutanen wurin ke kira masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu, kuma Afrilu ne ya fi jiƙewa. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Amma abin da ya fi ba baƙi mamaki a tsibirin shi ne janyewar teku. A gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan ja baya da nisa ƙwarai sau biyu a kowace rana, ya bar fili mai ciyawar ruwa da bushiyar teku, wata halitta baƙa mai ƙayoyi da ke karyewa a cikin tafin ƙafa. Yaro ɗan shekara bakwai zai ji daɗin yawo a wannan fili yana kallon ƙaguwa da ƙananan kifaye a kududdufai, in dai da takalmin roba a ƙafarsa. Wanda ya zo don ninƙaya a duk sa'ar da ya ga dama kuwa, arewa ce tasa, Nungwi ko Kendwa, inda ruwa ba ya gudu da nisa. Tafiyar mota ce ta kusan awa ɗaya da rabi daga filin jirgi. Ga tsohon gari, Stone Town, da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ga dajin Jozani mai jajayen birai. Lungunan tsohon garin matsattsu ne, keken jariri ba ya jin daɗinsu, goyo ya fi. Akwai zazzaɓin cizon sauro a tsibirin, kuma tun Oktoban 2024 hukumomin wurin suka wajabta wa baƙi sayen inshorarsu ta musamman, ko da mutum yana da tasa. Manyan asibitoci ba su da yawa, don haka mai yaro mai asma mai tsanani ko ciwon sikila ya auna wannan da kyau.

Gaɓar Kenya, Mombasa da Diani, damina ɗaya suke bi da Zanzibar. Abin da suka ɗara da shi shi ne jirgin ƙasan Nairobi zuwa Mombasa da aka buɗe a 2017, wanda ke ratsa dajin Tsavo, har akan hango giwaye ta taga.

Masar tana da garuruwa biyu da iyalai ke yawan rikitawa, Hurghada da Sharm el-Sheikh. Duka biyun a bakin Bahar Maliya suke, ruwan sama kusan babu shi duk shekara. Maris zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba ne suka fi dacewa da yara. A Disamba da Janairu rana tana da daɗi, digiri 20 da 'yan kai, amma dare na da sanyi, iska na kaɗawa, kuma yaron da ya fito daga ruwa zai kama rawar ɗari cikin minti kaɗan. Mai zuwa a wannan lokaci ya tambayi otal a rubuce ko ana ɗumama ruwan wurin ninƙaya, kuma wanne daga ciki, don wasu guda ɗaya tak suke ɗumamawa. Bambancin garuruwan biyu yana bakin ruwa. A sassa da yawa na Sharm duwatsun murjani sun zo har gaɓa, sai an bi wata doguwar gada a sauka ta tsani cikin ruwa mai zurfi. Ga wanda ya iya ninƙaya wannan abin sha'awa ne, kifaye masu launi na kewaye shi tun daga matakin farko. Ga ɗan shekara biyu ba shi da amfani. A Hurghada da kewayenta an fi samun gaɓa mai yashi da ruwa marar zurfi, kuma daga can ana zuwa Luxor, garin tsoffin gine-ginen tarihi, a mota cikin awa huɗu ko fiye. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce ɓacin ciki. Ruwan kwalba za a sha, da shi za a wanke wa yara baki, a kuma yi hattara da ƙanƙara da ɗanyen ganye.

Antalya a Turkiyya wurin bazara ce kawai, daga Mayu zuwa Oktoba. Hunturunta ruwa ne da sanyi. Otal-otal ɗinta sun ƙware a tsarin biya ɗaya da ya haɗa kwana da abinci da abin sha, ga wuraren wasan yara da masu kula da su, kuma ga babban iyali wannan tsari yakan fi sauƙin lissafi. Yuni da Satumba sun fi Yuli da Agusta sauƙin zafi da cunkoso. A lura da ƙasan gaɓar: Lara da Belek da Side yashi ne, Konyaaltı tsakuwa ce.

Maleshiya na da abin da ba kowa ya sani ba: gaɓarta biyu ba sa damina lokaci ɗaya. Tsibiran gabas, Perhentian da Redang da Tioman, iska da ruwa kan buge su daga Nuwamba zuwa Fabrairu, otal da yawa su rufe, jiragen ruwa su rage zirga-zirga. A daidai lokacin ne Langkawi da ke yamma ke cikin yanayinta mafi kyau. Wato kusan kowane wata akwai ɓangaren da ya dace, in an zaɓa daidai. Ɗanshi yana nan kullum, kuma akwai zazzaɓin dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo, don haka gidan sauro shi kaɗai bai wadatar ba.

Maldibs kuwa mun fi ganin dacewarta ga ma'aurata ko masu manyan yara. Disamba zuwa Afrilu ne raninta. Galibin wuraren hutun otal ɗaya ne a tsibiri ɗaya, babu kanti a waje, duk abin da za a ci a farashin otal ne. Jiragen sama masu sauka a kan ruwa da rana kawai suke tashi, don haka wanda ya iso da dare sai ya kwana kusa da Male, babban birnin ƙasar. Ɗakunan da aka gina a kan ruwa, waɗanda su ne a hoto, otal da dama ba sa ba masu ƙananan yara, kuma suna da gaskiya: tsakanin ƙofa da teku taku biyu ne. Mai son tsibiri a Tekun Indiya da ƙananan yara ya duba Morishus. Murjani ya kewaye yawancin gaɓarta ya kwantar da ruwa, babu zazzaɓin cizon sauro, ana iya ɗaukar mota a zaga. Guguwar teku ce abin gudu, musamman Janairu zuwa Maris. Haka tsibiran Karibiyan da jihar Florida ta Amurka suke da lokacin guguwa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba.

Bayan wata da wuri sai tsawon hanya. Jirgi kai tsaye na awa shida ya fi tafiya mai arha da za a ya da zango awa tara da yara a filin jirgi. A duba sa'ar sauka: otal galibi ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, kuma iyalin da ya sauka da asuba zai yi zaman jira da yara masu kuka, sai dai in an biya daren da ya gabata. Jaririn da bai kai shekara biyu ba yana zama a cinya da ɗan ƙaramin kuɗi, amma idan ya cika biyu kafin ranar dawowa sai an saya masa kujera. Mai juna biyu kuma, kamfanoni da yawa na neman takardar likita daga mako na 28, kuma galibi ba sa ɗauka bayan mako na 36.

Ɗaki shi ne inda babban iyali ke shan mamaki. Ɗaki ɗaya yawanci manya biyu ne da yaro ɗaya ko biyu, kuma otal da yawa na lissafa ɗan shekara 12 a matsayin babba. Idan ana son ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, a sa otal ya tabbatar a rubuce, domin ɗakuna makusanta daban suke da ɗakuna masu haɗe, kuma buƙatar da aka rubuta a wurin yin rajista ba alkawari ba ce. Ga iyali mai mutum shida ko fiye, gidan haya mai kicin da injin wanki yakan fi dacewa, in dai wurin ninƙayarsa na da shinge. A tambayi harajin baƙi ma, don a Dubai da Maldibs ana ƙara shi a kan kowane dare.

Takardu a fara su da wuri. Ƙasashe da yawa na so fasfo ya rage aƙalla wata shida, kuma na yara ya fi saurin ƙarewa a wasu ƙasashe. Dokar biza ta danganta da fasfon da mutum ke riƙe da shi kuma tana sauyawa, a duba ta a ofishin jakadanci kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa. Idan uwa ko uba shi kaɗai zai tafi da yara, ya riƙe takardar haihuwa da wasiƙar amincewar ɗayan. Katin rigakafin ciwon shawara yana fara aiki ne kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har abada. Ba a saba yi wa jaririn da bai kai wata tara ba.

A ga likita mako huɗu zuwa shida kafin tafiya. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ba ɗaya ne ga kowa ba: doxycycline, alal misali, ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba ko mai ciki. Man kare fata daga rana mai lamba 30 ko sama ake so, a sake shafawa duk awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman kafaɗu da hanci. Jariri ƙasa da wata shida inuwa ce kariyarsa. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 a bar yara a ɗaki ko ƙarƙashin rumfa. Yashi a wannan lokaci kan ƙona tafin ƙafa kafin yaro ya kai bakin ruwa. A sa ƙunshin gishiri da sukari na kantin magani a jaka saboda gudawa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ruwa ne haɗari mafi girma a irin wannan hutu, kuma yaron da ke nutsewa sau da yawa ba ya ihu. Balan-balan ɗin hannu abin wasa ne, rigar ceto mai ɗauri a ƙirji ita ce kariya. Idan manya sun yi yawa kowa kan ɗauka wani na kallo, don haka a ware mutum ɗaya da sunansa, babu waya a hannunsa, a riƙa karɓarsa bayan kowane minti ashirin. Jar tuta a gaɓa na nufin kar a shiga. Manyan yara kuma a koya musu tun a gida cewa idan igiyar ruwa ta fara jan mutum zuwa ciki, ba a kokawa da ita kai tsaye. Ana ninƙaya ne a gefe, daidai da layin gaɓa, har a fita daga cikinta, sannan a juyo.